Goggo Malama, Wadda Ta Jira Safiya

Ina bakin kasuwar Tsamiya ranar Alhamis da hantsi, na sauke wata mata da buhun barkononta ke nan, ko babur ban kashe ba, sai wayata ta yi ƙara. Bello ne, babban ɗan Goggo Malama. Bai ja magana ba. Ya ce, "Shehu, Inna ta cika. Bayan azahar za a kai ta." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe babur, na zauna a kansa ina kallon ƙasa, har wani mai kaya ya taɓa kafaɗata yana tambayar ko zan je Bagudo. Na ce masa ya yi haƙuri, rasuwa aka yi mini.

Ba zan ɓoye wa masu karanta wannan ba, abin da ya fara sauka a ƙirjina bayan salati sauƙi ne. Wata bakwai ta yi ɓarin jikinta na dama a shanye, sai an tayar, sai an kwantar, ga ciwon da ke hana ta sakewa ko ta wane gefe aka juya ta. Duk wanda ya gan ta a makonnin ƙarshe ya san hutu ta samu. Amma akwai wani sauƙin da ya fi wannan a wurina, wanda ya shafi ɗiyata Safiya, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan, duk da hannuna bai saba da biro ba.

Sunanta Hauwa'u. Ba ƙanwar mahaifina ba ce, ba mu haɗa jini ba, unguwarmu ce kaf a Kaoje take kiranta Goggo Malama. Ta koyar a firamare tun kafin a haife ni. Ni ma na zauna ajinta shekara guda, kafin mahaifina ya buƙaci hannu a fadamar shinkafa in bar makaranta a aji uku. Ba ta taɓa yi mini gorin hakan ba. Da na girma na fara kabu-kabu, sai ta daina kirana Shehu, ta koma cewa Mai Babur, kuma idan na ɗauke ta zuwa asibiti ko gidan suna, tun daga ƙofar gida take fara faɗa: "A hankali, Mai Babur, ƙasusuwana ba na gwamnati ba ne."

Da ta yi ritaya, abin da ta fito da shi daga aikin shekaru shi ne akwatin ƙarfe guda cike da littattafan labarai na yara. Shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu har ƙofar masallaci, akwatin ya kwana biyu cikin ruwa. Na ga lokacin da take shanya su a kan zana, shafi shafi, tana danne kowane da tsakuwa. Wasu sun narke gaba ɗaya. Waɗanda suka tsira, yawancinsu bayansu ne ya lalace, sai ga labari da farko da tsakiya amma babu ƙarshe. Mutane suka ce ta ba masu ƙosai su naɗe kaya. Ta ce a'a, ta mayar da su akwati.

Da waɗannan guntayen littattafan ta fara tara yara. Kullum bayan la'asar, ban da Juma'a, za ta shimfiɗa tabarma biyu a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanta, yaran da ba su kai shiga makaranta ba da waɗanda suka fara su zo su zauna da'ira. Da buta a gefe, sai kowa ya wanke hannu, don kowa yana da ranar da zai juya shafi. Tana karantawa da murya iri-iri. Idan jaki ne ke magana sai ta toshe hanci, idan tsohuwa ce sai ta janye leɓe kamar ba ta da haƙori, alhali nata cikakku ne har ta rasu. Ta kan juya littafin yara su ga hoto, ta tambaye su abin da suka gani a can bayan bishiya wanda marubucin bai ambata ba.

Idan ta kai inda ruwa ya cinye, sai ta rufe littafin a kan yatsanta, ta dubi yaron da ke damanta, ta ce, "To, sai mi?" Daga nan sai a zagaya, kowa ya faɗi yadda labarin ya ƙare a ganinsa. Akwai labarin wani jaki da ya ƙi hawa gada. Jabiru, ɗan maƙwabcina, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce jakin ba shi da takarda ne, yana tsoron 'yan kwastam su tsare shi. Wata yarinya daga rugar bayan gari ta ba da nata ƙarshen da Fillanci, Goggo ta saurara har ta gama, sannan ta mayar wa sauran da Hausa. Wanda ya zo da Dandanci, harshen Dandawa, ma haka. Ban taɓa jin ta ce wa yaro ba daidai ba ne. Iyakarta ta ce, "Ashe? To da yak kai can, wa yag gani?" sai yaro ya ƙara zurfafawa.

Wata rana wani magidanci ya zo janye ɗansa, ya ce ana koya wa yara ƙarya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ƙarya ita ce wadda anka faɗa maka don a cuce ka. Wanga yaro ya san jaki ba ya magana. Tambaye shi ka ji." Mutumin ya tsaya a bakin zaure yana jiran a gama ya tafi da ɗansa, sai ga shi ana zagaye ya sa baki yana gyara wa jakin hanya. Yara suka yi ta dariya. Washegari shi ya rako yaron da kansa.

Safiya ita ce ɗiyarmu ta fari ni da Hadiza. Tana da shekara uku, ta fara haɗa magana tana ba kowa dariya, zazzaɓi mai zafi ya kama ta har da jijjiga. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma ta tashi babu magana. Tana ji sarai, a kira ta ta juyo, a aike ta ta je, sai dai ko "Inna" ba ta cewa. Mun kai ta har Birnin Kebbi. Likita ya duba kunne, ya duba harshe, ya ce bai ga komai ba, mu yi haƙuri mu riƙa yi mata magana. Mun ba ta rubutu ta sha, mun yi sadaka. Mu kuma muka ɗauki maganar likita da ƙarfi, safe da yamma muna kanta: ce Baba, ce ruwa, ce Inna. Yarinya ta kai ga da ta ga mun nufo ta sai ta juya fuska ga bango. Hadiza ta rame. Ni ina kan babur ina lissafin ranar da sa'o'inta za su shiga makaranta a bar ta a gida, da ranar da za a fara kiranta bebiya a bakin rijiya, sunan ya bi ta har girma.

Goggo ce ta tare ni a hanya. Ta ce, "Mai Babur, ta katanga ni ka jin ku. Kun dami yarinya da ce kaza, ce kaza. Ku kawo man ita."

Na ce, "Goggo, akwai wani magani ne?"

Ta ce, "Ni ba magani ni ka badawa ba. Labari ni ka karantawa. Ta zo ta zauna cikin 'yan uwanta."

Ranar farko na tsaya daga zaure ina leƙe. Aka karanta, aka rufe littafi, zagaye ya fara. Na ɗauka idan an zo kan Safiya za a wuce. Sai na ji Goggo ta ce, "Safiya, sai mi?" da irin muryar da ta yi wa kowa. Sannan ta yi shiru. Ba ta kafe ta da ido ba, littafin take kallo a cinyarta. Shirun ya yi tsawon da mutum zai shanye ludayin fura biyar bai gaggauta ba. Yara suka fara mutsu-mutsu. Jabiru ya ce, "Goggo, ai ita ba ta magana." Goggo ta ce, "Kai da kake magana, mun jira ka. Ita ma za mu jira ta." Da lokacin ya cika sai ta ce, "To, mun aje miki wurinki," ta wuce ga na gaba.

Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi. Haka ta yi shekara guda da watanni. Ba ta taɓa rage tsawon shirun ba, ba ta taɓa ƙara shi don ta matsa wa yarinya ba. Har yaran suka saba, da an zo kan Safiya kowa ya san lokacin yin tsit ne, wani ma ya kan ja rigar na kusa da shi idan ya fara surutu. Magana ba ta zo ba. Amma Safiya ta daina juya fuska ga bango. La'asar na yi za ta ɗauko takalmanta ta tsaya a ƙofa. Ranar da juya shafi ya zo kanta, sau biyu take wanke hannu.

A cikin wannan lokaci ne na yi wani kuskure da har yau ake tsokanata da shi. Guntayen littattafan nan suna damuna. Ina ganin abin kunya ne mace kamar Goggo, da ta koyar da rabin gari, tana karanta littafin da ba shi da ƙarshe. Da na kai wani fasinja Birnin Kebbi sai na shiga shagon littattafai na zaɓo sabo fil, mai hotuna masu launi, na duba bayansa da kyau na tabbatar babu shafin da ya ɓace. Na kawo mata ina jin na yi abin kirki. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta ce gobe in zo in ji.

Na zo. Ta karanta shi tun daga farko har kalmar ƙarshe, ta rufe. Yara suka dubi juna, ɗaya ya yi hamma, suka tashi suka kakkaɓe riguna suka watse tun rana ba ta yi sanyi ba. Babu gardama, babu dariya. Goggo ta dube ni ta ce, "Ka gani, Mai Babur? An gama musu aikin, mi za su tsaya yi?" Na ce to a yage shafukan ƙarshe mana. Ta ce ita ba ta yaga littafi, wani ya sha wahala ya rubuta. Sai ta aika aka ɗauko mata allura da zare, ta ɗinke shafuka uku na ƙarshe da bangon baya, ɗinki mai kyau irin na bakin zane. Ta ce duk yaron da ya iya karatu da kansa, ranar nan ya zo ta ba shi reza ya farke.

Ciwon ya same ta ne da safe tana shara. Kafin Bello ya iso da mota, bakinta ya karkace, magana sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu. Ana shirin fita da ita ta riƙa nuna akwatin da hannun hagu, tana nuna ni. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Goggo, ni? Aji uku fa na tsaya." Ta daɗe tana kokawa da harshenta, sannan ta ce, "Ya isa."

Wata shida ta yi a Birnin Kebbi, tsakanin asibiti da gidan Bello. Ni kuma na riƙa ajiye babur da la'asar ina shimfiɗa tabarma. Karatuna irin na mai tafiya cikin laka ne, ina bin layi da yatsa, manyan yaran suna gyara mini. Ban iya muryar jaki ba, da na gwada sai Jabiru ya ce wannan ai tunkiya ce. Duk da haka suna zuwa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Mutane suna cewa ina da haƙuri, don fasinja zai zage ni in yi shiru, taya ta fashe a daji in tura babur ban yi tsaki ba. Amma shirun ɗiyata a gaban yara ya fi ƙarfina. Idan na ce, "Safiya, sai mi?" sai in ji kamar an ɗora mini buhu a wuya. Na fara rage jiran kaɗan kaɗan. Daga baya na koma kiran sunanta in wuce nan take. A ƙarshe na daina kira. Na gaya wa kaina wai ina raba ta da kunya ne. Safiya ba ta nuna komai ba, sai dai na lura ta koma zama a ƙarshen tabarma, rabin jikinta a ƙasa.

Da likitoci suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, Goggo ta nuna ita Kaoje take so. Aka dawo da ita ta zama kamar ba ita ba. Kwana biyu da dawowarta ta sa aka fito da ita baranda da la'asar, aka jingina ta da matasai, da kwanon shanta da cokali a gefen hagu. Na karanta, na rufe littafi, na fara zagaye. Na zo kan Safiya na tsallake kamar yadda na saba. Sai na ji ƙarar cokali a jikin kwano, sau uku. Na juya. Goggo ba ta kalle ni ba, Safiya take nunawa da cokalin. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na koma na ce, "Safiya, sai mi?" Na jira kaɗan na buɗe baki zan wuce, cokali ya sake bugawa. Sai da ta ga lokacin ya cika kamar yadda take yi, sannan ta sauke hannu.

Ran nan babu magana. Washegari ma babu. Ina kallon Goggo tana raguwa kullum, abinci ya koma kunu cokali biyu, ina cewa a raina wannan baiwar Allah za ta tafi ba ta ji abin da ta daɗe tana jira ba, kuma idan ta tafi ban san ko zan iya riƙe shirun nan ni kaɗai ba.

A rana ta shida na ɗauko wani labari na kaza da ta shiga jirgin masunta tana tsintar tsaba, barci ya ɗauke ta, ta farka ta ga ruwa gaba da baya. A nan shafin ya ƙare. Wani ya ce ta yi ta kuka har masunta suka mayar da ita. Wata ta ce kifi ya goya ta. Aka zo kan Safiya, na kira ta, na sunkuyar da kai ina kallon littafi kamar yadda Goggo ke yi. Ina jin shirun yana tafiya, har ya kusa cika. Sai na ji wata 'yar murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ƙwai ta yi."

Ban motsa ba. Na kasa. Jabiru ne ya juya, ko mamaki bai tsaya yi ba, gardama ce ta fi damunsa. Ya ce, "Ƙwai? Cikin jirgi? Ai sai ya gangara ya fashe."

Safiya ta ce, "Cikin hular mai jirgi."

Yara suka kwashe da dariya, dariyar hular ce, ba ta Safiya ba. Ni kuwa na yunƙura zan tashi in ɗauke ta in ruga gida wurin Hadiza. Cokali ya bugi kwano sau ɗaya. Na dubi Goggo. Hannunta yana nuna yaron da ke gaba. Na gane. Na zauna, na ce wa na gaba, "To, kai kuma sai mi?" Aka ƙarasa zagaye kamar kowace rana.

Da yara suka watse na matsa kusa da ita zan yi godiya. Ta riƙe mini hannu ta ce, kalma kalma, "Kada a yi biki." Na faɗa wa Hadiza haka. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai, ta wanke fuska, ta fito ta zuba wa Safiya tuwo kamar ba abin da ya faru. Ba mu tara mutane ba, ba mu ce ta maimaita ba. Kwana biyu ba ta sake cewa komai ba, a na uku ta ce wa uwarta miya ta yi yaji.

Kwana tara bayan maganar kaza Goggo ta rasu. A cikin kwanakin nan ta ji muryar Safiya a zagaye sau huɗu, na ƙirga. Shi ya sa da na tsaya a sahun jana'iza, hawayen da na yi ba masu ɗaci ba ne. Ta ji da kunnenta kafin ta tafi.

A zaman makoki Bello ya kira ni gefe ya ce akwatin ba zai bi shi birni ba, kuma ba za a sare mangwaron ba, ƙanwarsa da ke zaune a gidan za ta riƙa buɗe mana ƙofa. Bayan addu'ar bakwai muka koma karatu a ƙarƙashin mangwaron. Akwai wani sabon yaro da aka kawo daga Matsinkai, mai in'ina, wanda kan ɗauki lokaci kafin kalma ta fito. Ina jiransa. Safiya har yanzu ba mai yawan magana ba ce, wata rana jimla biyu, wata rana babu, amma an rubuta sunanta cikin masu shiga aji ɗaya bana.

Allah Ya jiƙan Goggo Malama Hauwa'u, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinta, Ya haskaka shi, Ya haɗa ta da iyayenta da maigidanta a Aljannar Firdausi. Allah Ya ba Bello da ƙannensa da jikokinta haƙurin rashinta, Ya haɗa kansu, Ya sa albarka a bayanta. Mu da ta bari da akwati, Allah Ya ba mu ko kaɗan daga cikin juriyarta. Ya Ubangiji, wannan baiwa Taka ta jira ɗiyata kusan shekara biyu ba ta gaji ba. Ka gaggauta mata rahamarka. Amin.